Na gama maganin sankarar mama, amma jikina ya ƙi komawa daidai

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 44, ina da 'ya'ya huɗu. Bara aka gano ina da sankarar mama. An cire min nonon hagu tare da kaluluwar hammata, na sha kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, zagaye takwas, sannan aka gasa wurin da hasken na'ura, abin da ake kira gashi. Wata huɗu ke nan da gamawa. Likita ya ce ba a ga komai ba, ya ɗora ni a kan tamoxifen. To amma ni ban ji na warke ba. Kullum a gajiye nake, hannun hagu yana yi min nauyi da yamma har zobe ya fara matse ni, kafaɗar kuma ba ta miƙewa sosai. Na ƙara kilo bakwai, al'adata ta ɗauke tun lokacin kemo, maganin kuma yana sa ni zufa da dare har ina tunanin ajiye shi. Mutanen gida sun hana ni taɓa komai, sun ce in kwanta in huta. Duk ciwon da ya taɓa ni sai gabana ya faɗi in ce ta dawo. Don Allah me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Duk abin da kika lissafa sananne ne a wurin matan da suka bi wannan hanya, kuma kusan kowanne yana da abin yi. Wata huɗu bai isa jikin da ya sha tiyata da kemo da gashi ya farfaɗo ba. Mata da yawa sai sun yi wata shida zuwa shekara, wasu fiye da haka, kafin su ji ƙarfinsu ya dawo. Amma abubuwa biyu a wasiƙarki sun fi tsaya mana a rai: shirin ajiye magani, da kwanciyar da ake sa ki yi. Dukansu biyun za su iya cutar da ke, ko da yake masu cewa ki huta ƙauna ce ta sa su.

Mu fara da maganin. Don Allah kada ki ajiye shi. Ana ba da tamoxifen ne ga wadda aka gwada ƙarin da aka cire mata aka ga irin wanda sinadarin mata da ake kira istrojin ke ciyarwa ne. Da likita ya ce ba a ga komai ba, yana nufin babu abin da hoto ko hannu ya iya ganowa. Ƙwayoyin cutar da suka ɓalle tun kafin tiyata suna iya lafewa a ƙashi ko wani wuri shekara da shekaru, ƙanƙantarsu ta wuce na'ura ta gan su. Aikin wannan ƙwaya mai miligiram 20 da kike sha kullum shi ne ta toshe ƙofar da istrojin ke bi ya tashe su. Da aka tattara sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a kan dubban mata, an ga shan ta na shekara biyar yana rage dawowar cutar da kusan rabi a cikin waɗannan shekarun, yana kuma rage mutuwa daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku har tsawon shekara 15. Binciken ATLAS, wanda sakamakonsa ya fito a ƙarshen 2012, ya nuna cewa kai ta shekara goma yana ƙara kariya, shi ya sa ake tsawaita wa wasu. Wani nazari na 2017 a kan mata sama da 60,000 kuma ya nuna irin wannan sankarar tana iya dawowa har zuwa shekara 20 bayan gano ta. Ba don mu tsorata ki muka kawo wannan ba, sai don ki san ƙwayar nan ita ce ragowar maganinki, matsayinta ɗaya da kemon da kika daure kika sha.

Zufar dare kuwa gaskiya ce, kuma ba a ce ki yi ta haƙuri da ita a banza ba. Wani ɓangarenta daga maganin ne, wani kuma daga ɗaukewar al'ada da kemo ya jawo. Takan lafa bayan 'yan watanni. Wasu matan suna samun sauƙi idan suka canza lokacin shan ƙwayar, daga dare zuwa safe ko akasin haka. Ki riƙa kwana da tufafin auduga marasa nauyi, ki ajiye ruwan sanyi kusa da gado, ki rage kofi da abinci mai yaji da yamma. Idan duk da haka tana hana ki barci, akwai magungunan da ba su da sinadarin mata da likita zai iya rubuta miki, irin su venlafaxine da gabapentin. Abin da ba a so shi ne maganin maye gurbin istrojin da ake ba sauran mata idan al'adarsu ta ɗauke. Haka nan paroxetine da fluoxetine suna rage wa hanta ikon juya tamoxifen zuwa sinadarin da ke aiki, saboda haka duk likitan da zai rubuta miki magani ki gaya masa kina shan sa. Jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ƙarin kuzari da ba a san abin da ke cikinsu ba, ki nuna wa likita kafin ki kai baki. Idan kin manta ba ki sha ba wata rana, ki ci gaba washegari yadda kika saba, kada ki haɗa biyu.

Alamomi biyu ne ba a jira da su a kan wannan magani. Ɗaya kumburi da ciwo a sha-raɓar ƙafa ɗaya, ko numfashi ya sarƙe miki farat ɗaya tare da ciwon ƙirji, domin tamoxifen yana ɗan ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. Wannan asibiti ne nan take. Na biyu ganin jini bayan al'ada ta ɗauke. A shekarunki yana iya zama al'adar ce ta dawo, amma maganin yana iya kauraro bangon mahaifa, don haka sai an duba. Kuma ɗaukewar al'ada bayan kemo ba ta nufin ba za ki iya ɗaukar ciki ba, ga shi tamoxifen yana cutar da ɗan tayi. Hanyoyin tazara masu sinadari, wato ƙwaya da allura da wadda ake sawa a damtse, ba na ki ba ne yanzu. Robar mahaifa mai tagulla ko kwaroron roba su ne suka dace.

Sai hannu. Nauyin nan da kike ji da yamma da zoben da ya fara matse ki, su ne farkon abin da ake kira limfedima, kuma a nan muke so ki yi gaggawa. Cikin jiki akwai wasu siraran hanyoyi da ke kwashe ruwan da ya tsatso daga jini zuwa cikin tsoka da fata, su bi da shi ta kaluluwa su mayar cikin jini. Idan aka cire kaluluwar hammata, aka kuma gasa wurin, ya zama kamar magudanar da aka rage wa faɗi: ruwan yau da kullum zai wuce, amma da ya yi yawa sai ya taru a baya. Kusan mace ɗaya cikin biyar da aka kwashe wa kaluluwar hammata tana samun wannan kumburi, galibi cikin shekara biyu zuwa uku na farko. A matakin da kike, kumburin yana saɓewa idan kin kwana, kuma ana iya shawo kansa. Idan aka bar shi watanni, ruwan yana sa fata da naman ƙarƙashinta su yi tauri, daga nan sai dai a yi ta lallaɓawa.

Ki cire zoben da awarwaron yau. Cikin mako ɗaya ko biyu ki ga likitanki, domin sabon kumburi sai an fara tabbatar da cewa ba gudan jini ba ne kuma ba wani abu ne ya danne hanya a hammata ba. Daga nan ki nemi a tura ki wurin likitan fisiyo, wato mai gyaran motsin gaɓoɓi, wanda ya san limfedima. Zai auna hannun ya zaɓa miki safar hannu mai matsi daidai girmanki, wadda ake sawa da rana a cire lokacin barci, a kuma canza ta duk wata huɗu zuwa shida saboda robarta na saki. Kada ki sayi ko wacce kika gani, kada kuma ki naɗe hannun da bandeji da kanki, domin matsin da ya fi ƙarfi a sama yana tura ruwan ne zuwa yatsu. Ƙwayoyin sa fitsari ba sa maganin wannan kumburi. Tausa mai ƙarfi da gasa hannu da ruwan zafi kuwa ƙara shi suke yi. Tausar da ake koyarwa shafa ce mai taushi wadda fata kawai take motsawa, ana farawa daga wuya da ƙirji kafin a sauko hannu.

Ki samu tef ɗin awo ki riƙa auna hannuwan biyu sau ɗaya a wata, da safe, a wurare huɗu: tafin hannu, wuyan hannu, santimita 10 ƙasa da gwiwar hannu, da santimita 10 sama da ita. Ki rubuta. Hannun da mutum ya fi aiki da shi yakan ɗan fi ɗayan kauri tun asali, don haka canji ake dubawa. Bambancin da ya kai santimita 2 a wuri ɗaya abin kaiwa asibiti ne.

Babban abokin gabar wannan hannu shi ne ƙwayar cuta ta shiga ta fata. Ki riƙa shafa mai kullum don kada fatar ta tsage, ki sa safa idan za ki yi wanke-wanke ko aikin ƙasa, ki kiyaye ƙuna da cizon sauro, kada ki yanke fatar gefen farce. Ko ƙwarzane ne ki wanke da ruwa da sabulu ki rufe. Ranar da kika ga hannun ya yi ja ko ya ƙara duhu, ya ɗau zafi, yana ciwo, musamman da zazzaɓi ko rawar sanyi, a ranar za ki je a ba ki maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin kowane irin wannan kamu yana ƙara lalata hanyoyin da suka rage. Awon jini da allura kuma a yi a hannun dama in da hali, amma idan larurar gaggawa ta taso kada ki hana a taɓa na hagu.

Yanzu ga maganar da muke so ki karanta wa mutanen gida. An daɗe ana gaya wa mata irinki kada su ɗauki komai da hannun da aka yi wa aiki, har likitoci ma haka suke faɗa a da. A 2009 Kathryn Schmitz da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka suka gwada abin a kan mata 141 masu limfedima. Rabinsu suka riƙa ɗaga ƙarfe sau biyu a mako har shekara guda, suna sanye da safar matsi, ana ƙara nauyin a hankali. Hannuwansu ba su ƙara kumbura fiye da na sauran ba, kuma kashi 14 cikin 100 ne kawai ciwon ya tasar musu, alhali a cikin waɗanda ba su ɗaga komai ba kashi 29 ne. Dalilin a fili yake: tsoka ce ke matsa waɗannan hanyoyi ta tura ruwan sama. Hannun da aka ajiye yana rauni, ranar da dole ta sa aka ɗauki yaro ko bokiti da shi sai abin ya fi ƙarfinsa.

Bayan an duba hannun an ba ki safa, ki fara da rabin kilo. Robar ruwa mai rabin lita ta isa. Lanƙwasa gwiwar hannu, ɗaga hannu gaba zuwa daidai kafaɗa, ɗaga shi gefe, kowanne sau goma, ki huta ki sake, sau biyu a mako da kwana ɗaya ko biyu a tsakani. Idan kin yi haka sau uku ko huɗu hannun bai ƙara nauyi ba, ki ƙara rabin kilo. Idan wani uzuri ya sa kin tsaya mako biyu, ki koma ƙaramin nauyi ki sake hawa. Inda mata ke samun matsala shi ne tsalle daga zaman wata da watanni zuwa wankin yini guda.

Kafaɗa kuma miƙa ta za a yi kullum, domin naman da aka gasa yana ci gaba da tsukewa watanni bayan an gama, wani lokaci har shekara biyu. Ki fuskanci bango ki riƙa hawa da yatsu har inda kika ji ja, ki tsaya daƙiƙa 20 zuwa 30, sau biyar. Sai ki juya gefe ki yi haka. Sannan ki kwanta rigingine, ki sa hannuwa a ƙeya, ki bar gwiwoyin hannu su sauka gefe a hankali. Ja ake so a ji, ba zafi mai sara ba. Idan kin ji wani abu kamar igiya ya miƙe daga hammata zuwa hannu, sananne ne bayan wannan aiki, fisiyo yana sake shi. Sagewar fatar bayan damtse kuma daga wata jijiya ce da ke ratsa hammata wadda aiki kan taɓa.

Gajiyar da ke biyo bayan maganin sankara daban take da ta mai aiki, shi ya sa barci ba ya kore ta. Kafin komai a duba miki yawan jini, sukari, da aikin tairod, wato wata halitta da ke gaban wuya mai daidaita kuzarin jiki. Ki kuma faɗa wa likita idan kina haki a ɗan motsi kaɗan, ko ƙafafu na kumbura, ko zuciya na bugawa ba daidai ba, domin jan ruwan kemo da ake kira doxorubicin da gashin ɓangaren hagu suna iya taɓa zuciya, a yi miki hotonta. Idan waɗannan sun fita lafiya, babu abin da aka tabbatar yana rage wannan gajiya kamar motsa jiki. Kwanciya tana zubar da tsoka, tsoka ta ragu sai ƙaramin aiki ya zama babba, sai a ƙara kwanciya. Ki fara da tafiyar minti goma, kwana biyar a mako, ko da a tsakar gida ne. Duk mako ki ƙara minti biyu zuwa biyar. Saurin da ake so shi ne wanda za ki iya magana amma numfashinki ya ɗan ɗaga. Inda za a je shi ne minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, kuma ko wata uku ya ɗauke ki kafin ki kai ba laifi. Ranar da kika tashi da ƙarfi kada ki biya bashin aikin mako a cikinta, ranar da kika tashi a mace kuma ki yi ko minti biyar ne. Barcin rana kada ya wuce rabin awa. Wani bincike na 2005 a kan ma'aikatan jinya mata a Amurka ya ga cewa masu tafiyar awa uku zuwa biyar a mako bayan sankarar mama sun fi waɗanda ba sa motsi tsira daga cutar. Idan kemo ya bar miki sagewa a tafin ƙafa, ki sa takalmi rufaffe ki riƙa duba ƙafar kullum.

Kilo bakwai ɗin ba cin ki ne kaɗai ya kawo shi ba. Akwai maganin dexamethasone da ake haɗawa da kemo, ga ɗaukewar al'ada, ga zama. Yana da kyau ya sauka, domin bayan al'ada ta ɗauke kitse ne babban wurin da jiki ke samar da istrojin, ƙiba kuma tana ƙara kumburin hannu. Amma a hankali, kamar rabin kilo a mako, ba da horon yunwa ba, don yunwa tsoka take fara ci. Ki raba faranti: rabi kayan lambu, kwata abinci mai gina jiki, kwata hatsi. Mace mai kilo 70 tana bukatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan giram 70 zuwa 85 a rana. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, kifi ko nama girman tafin hannu 20 zuwa 25, kofin dafaffen wake kusan 15. Ki bar lemon kwalba, ki rage soye-soye da naman gwangwani, taba da giya kuwa babu su. Za ki ji ana cewa sukari ne abincin sankara, a bar har 'ya'yan itatuwa. Duk ƙwayoyin jiki da sukari suke aiki, kuma jiki yana ƙera nasa ko ba a ci ba; illar zaƙi ita ce ƙiba. Waken suya ma a matsayin abinci ba shi da laifi. Ƙashi kuma yana bukatar kalsiyam miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana da bitamin D, tun da al'ada ta ɗauke da wuri. Idan nan gaba aka mayar da ke kan letrozole ko anastrozole, magungunan da ake bayarwa a madadin tamoxifen, ki nemi a auna ƙarfin ƙashinki tukuna. Waɗannan biyun ba sa aiki sai an tabbatar ƙwan mace ya daina aiki, ko an dakatar da shi da allura.

Faɗuwar gaba kuwa kusan kowace mai irin tarihinki tana fama da ita, ta fi tsanani idan ranar ganin likita ta matso. Abin da ke rage ta shi ne ki san wane ciwo ne na kaiwa. Ciwon da ya zo ya tafi, ko yake yawo daga nan zuwa can, ko yake da dalili sananne, yawanci ba shi ba ne. Wanda ya tsaya wuri ɗaya ya wuce mako biyu yana ƙaruwa, shi ake kaiwa: ciwon ƙashi ko baya da ke tashin ki da dare, tarin da ya ƙi tafiya, ciwon kai sabo mai zuwa da amai, rama ba dalili, idanu su yi rawaya. Haka duk wani ƙullutu a kan tabon, a hammata, a saman ƙashin da ke ƙasan wuya, ko a ɗaya nonon. Ki riƙa shafa waɗannan wurare sau ɗaya a wata, ba kullum ba, don taɓawar kullum tsoro take ƙarawa. Ciwon baya tare da raunin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari shi ne ba ya jiran mako biyu, ko awa ɗaya ma.

Tsarin bibiya da aka saba shi ne ganin likita duk wata uku zuwa shida a shekara uku na farko, duk wata shida zuwa goma sha biyu a shekara ta huɗu da ta biyar, daga nan sau ɗaya a shekara, tare da hoton mamogram na nonon dama kowace shekara. Kada ki ga kamar sakaci ne idan ba a tura ki hoton jiki gaba ɗaya ba. An gwada yin hakan ga matan da ba su da wata alama, bai ƙara musu kwana ba, sai dai ya tono abubuwan da ba komai ba ne a yi ta bincike a kansu. Idan kuma tsoron ya kai yana hana ki barci, ko kin yi mako biyu ba abin da ke faranta miki rai, ki faɗa wa likita kai tsaye. Wannan ma ciwo ne mai magani, kuma zama da matan da suka riga ki wucewa ta nan yana taimakawa ƙwarai.

Ba ki ambaci maigida ba, amma bari mu ce wani abu. Bushewar gaba da jin zafi wurin saduwa suna yawan biyo bayan wannan magani. Man shafawa na ruwa wanda ba shi da sinadarin mata yana sauƙaƙawa, idan bai isa ba a gaya wa likita. Nonon roba da ake sawa cikin rigar mama kuma za ki iya amfani da shi tun da tabon ya warke, a auna miki wanda ya yi daidai da na dama.

Zuwanki asibiti na gaba, ki tafi da wanda ya fi kowa hana ki aiki a gidan, ya ji da kunnensa. Ki kuma tambayi likita batun gwajin gado na BRCA1 da BRCA2, tun da kina da shekara 43 aka gano cutar, musamman idan a danginku na uwa ko na uba an taɓa samun sankarar mama ko ta ƙwan mace. Yayyenki da ƙannenki mata da 'ya'yanki mata su san shekarun da ta same ki, domin akan shawarci irinsu su fara zuwa dubawa kusan shekara goma kafin su kai waɗannan shekarun.